Keke, sayyada da motar Alhaji: yadda yaran gidana ke ƙetare gulbi zuwa fak

Shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ce na wayi gari da 'yan jami'a biyu a gidana, ƙanena autan gidanmu da kuma ɗiyar yayata, dukansu a Tawa suka ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, aka ba su gurbi a Yamai, shi fizik ita likitanci, kuma kun san yadda abin yake a wajenmu, in dai kana da ɗaki a babban birni to kai ne site, wato makwancin ɗalibai, kai ne resto, wato wurin cin abincinsu, ba wanda zai tambaye ka ko ka shirya. Abinci bai dame ni ba, tukunyar da ta ciyar da mutum biyar za ta ciyar da bakwai. Kuɗin mota ne ya kusa kai ni ƙasa, shi nake so in baje a nan tun daga farko har inda muka tsaya.

Ga wanda bai san Yamai ba, mu muna Banifandu, jami'ar Abdou Moumouni kuma tana ƙetaren gulbi, Harobanda, wato sai ka ratsa gari kaf sannan ka hau gada, a ƙiyasina kilomita goma ne ko kusa da haka. Gadoji uku ne yanzu, ta Kennedy da ke nan tun 1970, ta 'yan Sin da aka buɗe a 2011, sai ta Seyni Kountché ta 2021. Amma ga ɗalibi kamar gada ɗaya ce, ta Kennedy, don ita ce kana sauka ka faɗa yankin jami'a, kuma ita ce mai hannu ɗaya zuwa hannu ɗaya dawowa, da safe taksi da moto da amalanke da masu tura kaya duk a kanta suke, wani lokaci har raƙumi da kayansa yana tafiyarsa ba ruwansa da ƙarfe takwas ɗinka.

Taksi ba ya ɗaukar ka daga Banifandu ya dire ka fak, wato jami'a, a kwas ɗaya. Ko dai ka sauka cikin gari ka sake wata, ko direba ya ce maka kwas biyu tun ba ka taɓa ƙofa ba, duk ɗaya ne. Mu dala hamsin, wato sefa 250, muke biyan kwas, to zuwa dala ɗari dawowa dala ɗari, jikka guda, sefa dubu kenan, kullum ga mutum ɗaya. Kwana 22 a wata jikka 22, su biyu jikka 44. Ranar da na rubuta wannan a bayan ambulan sai da na daɗe ina kallon lissafin, don albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a ƙasar nan bai wuce jikka 42 ba, wato kai yara biyu makaranta su dawo ya fi albashin wani magidanci na wata guda. Bursi kuwa ko wanda ya samu ba kowane wata take shigowa ba, ba abin da za ka jingina kuɗin safiya da shi ba ne. Akwai bus na ɗalibai kuma ban raina shi ba, araha ne, shi ke riƙe da yara da yawa, sai dai daga gidanmu zuwa inda yake tsayawa tafiya ce, in ya cika kuma ya cika. Faba-faba, ƙananan bus ɗin haya, ma haka, sai ka yi sa'a hanyarta ta dace da taka.

Ƙanena tun satin farko ya kawo tasa shawarar, wai Yaya a sai moto kawai a huta, yana ɗaukar yarinyar. Na ce a'a, ba ni da kuɗinta, ko ina da su ma na ga abin da moto ke yi wa samari a kan gudron garin nan, ba zan kira yayata in ce mata ga ɗiyarki a asibiti ba.

Sai hankalina ya kai kan maƙwabcinmu, wani dattijo da muke ce wa Alhaji, yana aiki a wani ofishi can Harobanda, yana da tsohuwar Corolla, kullum bakwai saura kwata yana fita shi kaɗai kujeru huɗu ba kowa. Na tare shi bayan magariba a ƙofar masallaci na ce Alhaji wata alfarma na zo nema, na yi mishi bayani, na ƙara da cewa za mu riƙa sa wani abu na esansi. Bai bari na rufe baki ba. "Haba ƙanena, kuɗi kuma? Ai 'ya'yana ne, su fito gobe." Na koma gida ina murna na ce Allah ya yanke mana wahala.

Sati uku abin ya yi ya mutu, kuma har yau ba wanda ya yi wa wani faɗa. Nan ne na fi so a duba da kyau don ni kaina sai daga baya na gane abin da ya kashe shi. Ranar da Alhaji ke da suna ko zai biya banki tukuna ba ya faɗa wa kowa, mi zai sa ya faɗa, taimako yake yi ba aiki aka ɗauke shi ba. Yara su tsaya bakin ƙofa har bakwai da rabi, kuma ba yaron da zai ɗaga waya ya kira dattijo ya ce Baba yau za ka fita kuwa, kunya ba za ta bari ba, sai su ruga neman taksi a lokacin da kowace ta cika. Ranar da ƙanena ya makara da minti goma Alhaji ya jira shi bai ce uffan ba amma har suka sauka rediyo kaɗai ke magana a motar. Sannan labari ya bazu a layi cewa akwai motar fak ta kyauta, wasu yara biyu suka ƙaru, wata rana uku, aka koma ana cusa mutum shida, tsohuwar mota tana goge ƙasa a kowane rami. Alhaji ba zai iya korar ɗan kowa ba. Abin da ya iya yi shi ya yi, ya koma fita shida da minti ashirin a hankali ba ko odar mota. Ɗiyar yayata ce ta fito ta faɗa mini, ta ce Kawu ni dai gara in biya taksi, ba ka ji an ce wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka ba. Na ce ba wulaƙanci ba ne, amma ban da amsar da ta fi wannan.

Maiɗakina ce ta warware, ta hanyar da ni ba zan iya bi ba. Ta shiga wajen Hajiya hira kamar ba komi, can Hajiya ta ce mata gaskiya esansi na cin Alhaji, kuma shi kansa yana jin nauyin abin da ya faru, amma ya riga ya ce 'ya'yana ne a gaban mutane, da wane baki zai karɓi kuɗi daga hannunsu? To su biyun suka tsara cewa kada kuɗi su taɓa hannun Alhaji sam. Kowace Litinin da safe ana biyawa ta gidan esansi, ɗalibi ya sauko ya miƙa wa mai zubawa, a zuba a tanki, shi Alhaji yana zaune yana duba madubi kamar bai gani ba. Ɗan da ya zuba wa babansa mai a mota ai ba biyan haya ya yi ba. Abin dariya ne in ka faɗe shi haka amma wallahi wannan 'yar dabarar ce ta riƙe mu har ƙarshen shekara.

Lissafin kuma ga shi. Tun Yulin 2024 litar esansi ta sauko daga sefa 540 zuwa 499. Ɗalibai huɗu, kowa 1250 a sati, jikka biyar kenan, lita goma. Zuwa da dawowa kilomita ashirin a rana, kwana biyar kilomita ɗari, tsohuwar mota cikin cunkoso abin da take sha kenan kusan daidai. Wato yara sun ɗauke wa Alhaji man sati, shi kuma taya da bakin mai da gareji da asiransi suna kansa kamar da. Kowane yaro safiyarsa ta koma jikka biyar a wata maimakon goma sha ɗaya. Aka sa doka uku kawai: mutum huɗu ba ƙari, ana jiran mai latti minti biyar, in Alhaji ba zai fita ba yana tura murya a gurup na WhatsApp tun da dare. Yarinyar tawa ce ma'aji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Alhaji ya fi kowa bin dokar, har ya koma shi ke tura murya tun goma na dare wai yara gobe a fito da wuri akwai taro a gari hanya za ta toshe.

Safiya kaɗai aka yi yarjejeniya a kanta, dawowa kowa tasa ta fisshe shi, kuma ba yadda za a yi ta zama ba haka ba, wani ya gama sha biyu, wani yana da kur har shida, wani delege, wato wakilin aji, ya turo saƙo cikin dare cewa an maida darasin safe zuwa yamma. A nan ne taka sayyada ta shigo. Maimakon kwas biyu, sai su fito daga fak a ƙasa su ƙetare gadar, ita kanta ba ta kai kilomita ɗaya ba, su shiga cikin gari su hau taksi kwas ɗaya. Tafiyar rabin awa ko fiye kaɗan, dala hamsin ta tsira kullum. Ita yarinyar watanta ya tashi jikka goma da rabi, ƙasa da rabin abin da muka faro da shi.

Tafiyar nan kala biyu ce, ya danganta da wata. Disamba da Janairu daɗi gare ta, iska na kaɗawa, gulbi ya cika maƙil da ruwan da ya taso tun daga Gine duk da nan ko ɗigo ba a yi ba, ga jiragen masunta ga masu wanki ga lambuna a gefe, sau da yawa ma mai tafiya a ƙasa yana wuce motocin da suka maƙale a kan gadar. Afrilu da Mayu kuwa da zafi ke haura digiri 40, wanda ya ce zai ratsa ta ƙarfe ɗaya na rana neman suma yake, ba inuwa ko ta sanda, sai dai a laɓe a laburare ko masallaci har la'asar ta yi sanyi. 'Yan matan kuma sun sa wa kansu doka ba sa tafiya ɗai-ɗai in magariba ta gabato. Ni duk lokacin da na tuna yaran gidana ke taka gadar nan kullum sai ranar 9 ga Fabrairun 1990 ta faɗo mini, ranar da ɗalibai suka biyo ta cikin zanga-zanga aka buɗe musu wuta uku suka rasu, har yanzu kowace shekara ana tunawa da su. Ban sani ba ko su suna tunanin haka in suna wucewa, wataƙila dai suna tunanin dambun da ke jiran su a gida.

Ƙanena wata biyu ya yi a motar ya ce shi ya gaji da jiran taksin yamma, ya bar wa wani kujerarsa. Muka je Katako muka sayi keke na hannu jikka 35, gyaran birki da fitila da kwaɗo suka ci wasu huɗu. In ka auna da jikka 22 na taksi bai cika wata biyu ba ya maida kuɗinsa, bayan haka sai 'yan canjin faci da na mai gadin wurin ajiya. Minti arba'in yake yi, kuma akwai safiyar da ya wuce motar Alhaji a tsakiyar gada yana ɗaga musu hannu, abin ya yi mishi daɗi har sati yana ba da labari.

Amma kada in yi muku ƙarya, keke a Yamai ba wasa ba ne. Daga ƙofar gidanmu har gudro yashi ne, tura shi yake. A kan gudron kuma ba wani gefe da aka ware wa mai keke, kai da taksi ne, ita kuwa taksi ba ta da wurin tsayawa, ko'ina ta ga hannu nan take taka birki, wata rana haka fasinja ya buɗe ƙofa ba dubawa yaron ya daki ƙofar ya faɗi, Allah ya taƙaita gwiwar hannu ce kawai ta goge. Tun daga nan ya daina bin manyan shataletale, yana zagayawa ta ƙananan layuka ko da nisa ya ƙaru, kuma yana fita shida da kwata kafin gari ya farka. Ƙaya da ƙusa na cin taya, masu facin hanyar duk sun san shi. Lokacin hunturu ƙura, sai ya naɗe fuska da rawani kamar ɗan Abzin. Da damina layi ya zama tafki. Ga zufa, kullum da riga ta biyu a jaka, in ya isa ya watsa ruwa a famfon masallaci ya sake kafin ya shiga anfi, babban ɗakin darasi.

Duk waɗannan ya jure su ba ƙorafi. Abin da ya kusa sa ya jingine keken bakin mutane ne. A fadarsu in ya taho sai ka ji ga mai burodi nan, wani ya ce ɗan jami'a guda a kan keke kamar ɗan aike. Satuttukan farko nesa da anfi yake ajiye shi ya ƙarasa a ƙasa don kada 'yan ajinsu su gani, musamman wata da ban tambayi sunanta ba. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na ji nauyin abin, ina tunanin za a ce yayansa na aiki amma ya kasa sai mishi ko tsohuwar moto.

Ita ma yarinyar da ta ga ya huta da jiran taksi ta ce Kawu ni ma a sai mini. Na kira uwarta na gaya mata, ta ce keke? A Yamai? Kana so a ce mi a kanmu? Na ce Yaya a Wagadugu fa mata ke hawa har da goyo a baya ba wanda ke kallon su, ta ce to ita ɗiyarta ba 'yar Wagadugu ba ce, zance ya ƙare. Abin da na lura shi ne da moto na ce zan saya da ba ta hana ba, ga 'yan mata nan cike da gari a kan moto ba mai cewa komi. Kenan ba hawan ne matsala ba, keke ne ke cewa gidanku babu, moto ta ce akwai, kuma mu mun gwammace mu ci bashin esansi da a gane.

Gwajin gaske ya zo a watan Maris na 2025, lokacin da esansi ya yi ƙaranci a ƙasa kuma ya haɗu da azumi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, shekara da shekaru wani babban kaso na ƙasar nan ruwa-ruwan Najeriya, wato man da ake shigowa da shi ta bayan fage, yake sha, da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023 ya daina araha, kowa ya dawo famfo, matatar Damagaram kuma da aka buɗe a 2011 ganga dubu 20 take iya tacewa a rana, ba ta isar kowa. Layuka suka yi tsawo a gidajen esansi, Alhaji ya kwashe rabin yini a layi da bakin azumi ya dawo ba lita ko ɗaya, Corolla ta kwanta kwanaki a ƙofar gida, taksi ta yi wuya wadda ka samu kuma direba ne ke yanka kuɗin da ya ga dama. Tsarinmu mai kyau na Litinin ya tsaya cak, don jikka biyar ɗinmu ba ta da amfani in famfo a bushe yake.

Yarinyar sai ta tattara littattafanta ta koma ɗakin wata ƙawarta a Lamorde na kusan sati biyu, daga can minti goma sha biyar ne a ƙasa zuwa aji, ta ce tun da ta zo Yamai ba ta taɓa yin barci ya ishe ta ba sai a lokacin. Wannan ya sa na sake tunanin ko kama musu ɗaki a Harobanda ne maganin gaba ɗaya, don tafiya a ƙasa ta mai kusa ce, mu na Banifandu rabi kawai muke cin moriyarta. Amma ga kuɗin haya, ga uwarta ba za ta yarda ɗiya mace ta zauna ba babba a kanta ba, ga kuma abin da na gani da idona a 2020 lokacin da gulbi ya fasa ya shiga Lamorde da Kirkisoi da maƙwabtansu mutane suna kwashe kaya a jirgin ruwa, kuma ɗakunan araha su ne a gangare.

Shi kuwa mai burodi ko kwana ɗaya bai fasa ba. Ana sallame asuba yake hawa, in ya gama ya kwanta a masallaci har la'asar, ya iso gida dab da shan ruwa leɓɓansa a bushe, wahala ce ba kaɗan ba, amma ya je ya dawo. Kuma 'yan fadar nan da motocinsu ke jingine ba mai, su ne suka riƙa zuwa aron keken da dare wai za su zaga su ga wane gidan esansi ne aka sauke wa tanka. Bai hana su ba, sharaɗi ɗaya ya sa, wanda ya fasa taya shi zai biya faci.

Wani lokaci in yana jin iliminsa yakan zauna ya yi mini lissafin hayaƙin da mota ɗaya mai mutum biyar ke ragewa, ya tuna mini cewa wanda jami'arsu ke ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni Dioffo, masanin fizik ne da ya ƙarar da rayuwarsa kan makamashin hasken rana tun kafin abin ya zama yayi. Ina saurarensa kuma na yarda da shi, sai dai gaskiya a gidana ba wanda ya hau keke ko ya taka gada don sauyin yanayi, ranar 25 ga wata ce ta kore mu, ita nake auna komi da ita.

Da mai ya dawo aka koma zuba na Litinin kamar ba a taɓa tsayawa ba, sai dai Alhaji ya fara maganar ritaya ta kusa, kuma na dudduba layinmu ban ga wani mai mota da ke ƙetarawa kullum ba, akwai wata malamar asibiti a layi na biyu da maiɗakina ta ce za ta shiga wajenta hira. Ana cikin haka yayata ta kira wai ƙanen yarinyar ma ya ci bak, Yamai zai taho. Na ce to Yaya, ki faɗa mishi tsohon kekensa na lise kada ya bar shi a Tawa, a ɗaura shi a saman mota ya taho da shi.